Nioh: me ya sa matar kogo take ta kashe ni?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Na sa wasan Nioh a kwamfutata saboda ina son wasannin samurai, amma ya zame mini ƙarfen ƙafa. Da ƙyar na kashe dodon cikin jirgin ruwa mai wurga ƙwallayen ƙarfe, yanzu kuma na maƙale wajen matar nan mai fukafukai a cikin kogo. Da ta yi ƙara sai jikina ya sandare, ta gama da ni. Na zuba amrita ɗina duka, wato abin da ake tarawa a ɗaga darajar jarumi, wajen ƙara ƙarfin sara, ba abin da ya canza. Wasan ne ya fi ƙarfina, ko akwai abin da ban gane ba? Sannan wai da gaske an taɓa yin Bature samurai, ko ƙagawa aka yi? Daga wani mai karatu a Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wasan bai fi ƙarfinka ba. Dodon jirgin sunansa Onryoki, matar kogon kuwa Hino-enma, kuma a wurinta ne mutane da yawa suke ajiye wasan su ce sun haƙura. Kamfanin Team Ninja da ya ƙera Nioh, wanda ya fito a PlayStation 4 a watan Fabrairun 2017 sannan ya zo kwamfuta a Nuwamban shekarar, kamar da gangan ya ajiye ta a nan don ta tare duk wanda bai koyi sarrafa numfashinsa ba. Matsalarka ba ta takobi ba ce, ta numfashi ce.

Dubi saman allonka ta hagu. Ƙarƙashin layin rai akwai wani layi da wasan ke kira Ki. Shi ne numfashin William, jarumin da kake sarrafawa. Sara yana cin sa, gocewa tana ci, tare duka yana ci, gudu ma haka. Idan ya ƙare aka taɓa ka, William zai tsaya yana haki, ba kariya ba gudu, a nan ake kashe ka. Duk wanda ya taɓa kallon dambe ya san ɗan damben da ya zubar da ƙarfinsa a turmin farko, a na biyu hannu ma ba ya iya ɗagawa. Haka sabon ɗan wasa yake yi: ya ga dama ta samu, ya kai sara biyar a jere, layin ya ƙone, Hino-enma ta juyo.

Maganin yana cikin wasan tun daga farko, sai dai mutane suna wuce bayaninsa da sauri. Bayan ka kai sara za ka ga wani haske shuɗi yana taruwa a jikin William. Daidai lokacin da ya taru, danna maɓallin canza tsayuwa, wato R1 a kwantirolar PlayStation ko RB a ta Xbox. Nan take yawancin numfashin da ka kashe zai dawo. Wannan shi ne Ki Pulse, kuma a ganina shi ne rabin wasan. Je wani mataki da ka riga ka wuce, ka samu ƙananan 'yan fashi, ka riƙa yin sara biyu, ka danna, ka ja da baya, har yatsanka ya saba yi ba tare da ka tuna ba. Yana da wani amfani kuma. Dodannin nan da ake kira yokai suna barin wani baƙin hazo a ƙasa wanda ke hana numfashinka dawowa da wuri. In ka yi Ki Pulse mai kyau a cikinsa, hazon zai watse. Daga baya ka buɗe ƙwarewar da ke sa gocewa kanta ta zama Ki Pulse, da wadda ke ƙara maka numfashi in ka canza tsayuwa a lokacin dannawar.

Tsayuwar uku ce. Ta sama tana da sara mai nauyi amma tana shan numfashi, ta tsakiya ta fi kyau wajen tarewa, ta ƙasa kuwa saranta ba ƙarfi amma gocewarta sauri gare ta kuma ba ta da tsada. Da Hino-enma, ka zauna a ta ƙasa ko ta tsakiya. Ta sama sai in numfashinta ya ƙare, don ita ma tana da nata layin, kuma in ya ƙone kowane sara sai ya girgiza ta.

Yanzu duba kayan jikinka. Na tabbata ka lafta sulke mafi kauri da ka tsinta. Wasan yana auna nauyin kayanka da abin da jikinka zai iya ɗauka, in ya haura kashi 70 cikin 100 gocewarka ta yi nauyi, numfashi kuma ya riƙa zuba. Cire hular ƙarfen ko rigar ƙirjin har ka sauko ƙasa da haka. Wajen rabon amrita ma kada ka bi abu ɗaya: cikin sifofin da ake zuba wa amrita, ƙarfin takobi yana ƙaruwa da Heart, wanda kuma shi ke faɗaɗa layin Ki, mashi yana bin Body, wanda ke ƙara rai. Mai takobi da ya yi watsi da Heart ya cuci kansa sau biyu.

Ita kanta matar, ƙarar da ke sandarar da kai a miƙe take tahowa. Kada ka ja baya, goce gefe. Ka sa allurar warware sandarewa a maɓallan gaggawa, ka ɗaura duk wani laya ko sulke da ke rage wannan cutar. In ta tashi sama, bar saran iska, ka zuba mata ido har ta faɗo, sannan ka kai biyu ka janye. Kada ka manne mata in ta buɗe hannu, kamu take nema ta sha jininka ta ƙara rai. Ka kuma zagaya matakan baya ka nemo ƙananan korayen halittun nan, kodama; yawansu yana ƙara maka maganin da kake fita da shi daga wurin ajiye wasa. In duk ya ƙi, ba abin kunya ba ne ka miƙa kofin ochoko a wurin ka kira wani ɗan wasa ta intanet ya taya ka. Abu na ƙarshe a kan kwamfuta: nemi kwantirola, kuma in injinka yana ja, rage kyan hoto don motsi ya tafi sumul. Wasan da ya dogara da dannawa a kan lokaci ba ya yafe hoton da ke tsinkewa.

Batun Bature kuwa, akwai shi, kuma a kansa aka gina William na wasan. William Adams matuƙin jirgin ruwa ne ɗan Ingila, an haife shi a 1564, ya iso tsibirin Kyushu na Japan a watan Afrilun 1600 cikin jirgin Holan mai suna Liefde, mutanensa sun galabaita da yunwa da ciwo. Tokugawa Ieyasu, wanda ya ci yaƙin Sekigahara a Oktoban shekarar ya kuma zama shogun, wato shugaban mulkin soja na Japan, a 1603, ya jawo shi jiki. Adams ya ƙera masa jiragen ruwa irin na Turai, ya zama mai ba shi shawara kan harkar baƙi 'yan kasuwa, aka ba shi fili da barori a yankin Miura da matsayin samurai, Japanawa suka riƙa kiran sa Miura Anjin. Bai sake komawa Ingila ba, a Hirado ya mutu a 1620. Sauran duk ƙarin gishirin masu ƙera wasan ne: sun mai da shi ɗan Ireland, sun ba shi takobi ya shiga fagen Sekigahara, sun haɗa shi gaba da Edward Kelley, wani masanin haɗa sinadarai na zamanin Sarauniya Elizabeth ta ɗaya wanda ya riga ya mutu kafin Adams ya taka Japan. Yokai ɗin kuma daga tatsuniyoyin Japan aka kwaso su.

In ka gama wannan, Nioh 2 na 2020 ya koma baya ne zuwa zamanin tasowar Toyotomi Hideyoshi, wanda ya mulki Japan kafin Ieyasu, kuma a can kai za ka ƙera jaruminka. Ki Pulse ɗin yana nan yadda ka bar shi, sai dai dodannin sun fi waɗannan zafin nama.