Kafin in kai takardarka gaban wani farfesa

Ƙanena, saƙonka ya iso tare da kundin digirinka na biyu. Na ga rinin azo da ka haɗa da tagulla da kobal da nikel, ka gwada a kan bakteriya Staphylococcus aureus da E. coli. Kana so in nema maka gurbin digiri na uku a nan Jamus, har ka rubuta cewa aikinka zai kai ga maganin kansa, wato ciwon daji. Kai ne na huɗu daga Samaru a bana, kuma kamar bakinku ɗaya.

Goge wannan jimlar ta maganin ciwon daji tukuna. Ni ma da irin kundin nan na sauka, ina hura hanci da faɗin da'irar da sinadarina ya share daga bakteriya a farantin gwaji. Matar da ke duba aikina ko kallon hotunan ba ta yi ba. Tambayarta ita ce, ina gwajin gishirin tagullar shi kaɗai, ina na ruwan DMSO da na narkar da sinadarin a ciki? Tagulla da kanta tana kashe bakteriya, to da me na san rinin ya ƙara wani abu? Na yi tsuru-tsuru. Ta kuma nemi hujjar cewa ƙarfen ya kama rinin yadda na zana. Awon IR da UV kaɗai gare ni, masu nuna irin hasken da sinadari ke sha. Wata takwas na yi ina lallaɓa kwalabe kafin na samu kiristal guda da na'urar X-ray ta karɓa, kuma siffar da ta fito ba ita na zana a Zariya ba. Ranar ko abinci ban iya ci ba.

Batun ciwon dajin ya fi wannan tarko. Gwajin MTT, mai auna ƙwayoyin da suka rage da rai, da launin shuni-shuni ake karanta shi, kai kuwa kayanka rini ne, launinsa kan ruɗi na'ura. In ba ka gwada a kan lafiyayyun ƙwayoyin jiki ba kuma, guba ka auna, don ko bilic yana kashe ƙwayar kansa a faranti.

Ba raina fannin nake ba, da shi nake ci. Prontosil jan rini ne, masanin Jamus Domagk ya gano amfaninsa a kan bakteriya a 1932, amma a faranti ba ya taɓuka komai, sai jiki ya fasa shi ya saki sulfanilamide, wanda shi ne ainihin maganin. Cisplatin kuwa, maganin ciwon daji mai ƙarfen platinum, daga binciken masani Rosenberg na 1965 sai 1978 Amurka ta amince da shi, har yau yana taɓa ƙoda.

Nemi tallafin DAAD, hukumar Jamus mai ba ɗaliban ƙasashen waje tallafin karatu. In ba tallafi, biza na son ka kulle kusan Yuro 12,000 a asusu, kuma ban yarda Baba ya sayar da gonar Shika saboda wannan ba. Turo min sakamakon kamar yadda na'ura ta fitar, ba wanda ka gyara a kwamfuta ba. Ka gaida Inna, ka ce mata yajin ya ƙare.