Kafin ka sake cike fom ɗin bizar Ostireliya, duba ko sun rubuta maka 4020, sharaɗin takardar bogi

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Wallahi tun jiya da daddare na ga tambayarka amma na kasa rubuta komai, don ji na yi kamar ni ne na dawo 2020 ina zaune bakin katifa da waya a hannu. Ka ce sun hana ka 417 ta biyu, wato bizar hutu da aiki ta Ostireliya, wai kwanakin aikin gonarka ba su cika 88 ɗin da ake buƙata ba, fasfon Jamus gare ka, saura wata huɗu ka cika 31, kana tambaya ko za ka iya sake nema, sannan akwai wani da ya ce in ka ba shi kuɗi zai gyara maka takardu. To bari in fara da wannan na ƙarshen, don girman Allah kar ka ba shi ko sisi. Kar ma ka sake ɗaga wayarsa. Ni abin da ya kashe ni ke nan.

Ni da fasfon Ingila na shiga Ostireliya a Oktoban 2018, ina da shekara 28. Na ɗan yi aikin sito a Melbon, da Janairu ta kama na tafi Mildura tsinkar inabi don in haɗa kwanakina. Wanda bai taɓa yin Janairu a Mildura ba ba zai gane ba, zafi ya haura 40, ƙarfe huɗu da rabi na asuba motar ɗan kwangila ke zuwa ƙofar masauki, sau da yawa a gefen motar nake shimfiɗa kwali in yi sallah sauran suna jira suna dannan hon. Almakashin nan na yanka inabi sai da ya yi min kanta a yatsa biyu, har yau in na duba ina ganin wurin. Da kwali ake biya, ba da awa ba. Ran Juma'a mutumin zai zo da ambulan ya miƙa maka, ya riga ya cire kuɗin ɗaki ya cire kuɗin mota ya cire wani abu da ban taɓa sanin sunansa ba, in ka ce ina takardar albashi sai ya dafa maka kafaɗa ya ce kar ka damu aboki, a ƙarshe zan haɗa maka duka. Sati biyar a hannu yake biyana kafin ya fara turawa ta banki. Ni kuma sabon shiga, ga kunya irin tamu, ina ganin in na matsa masa kamar na ce masa ɓarawo.

Mutumin nan ya ci abincina fa. Akwai ranar da na dafa shinkafa da miya a masauki ya zauna ya ci har da ƙari, yana ce min ɗan'uwa, yana tambayata lafiyar mahaifiyata. Shi ya sa har yanzu in na tuna shi raina ke ɓaci, ba kuɗin ba ma, amanar.

Da na zo tafiya na ƙirga kwanakina na gaskiya, na ga ba su kai ba, akwai satin da aka yi ruwa ba mu fita ba, akwai wajen kwana goma da ya ce babu aiki muka zauna a ɗaki muna biyan haya. Na ce masa zan ƙara sati uku in cike. Ya ce wane irin ƙari, ai ni na san yadda ake yi, kowa haka nake masa. Bayan kwana biyu ya turo min takardun albashi ta imel, an cike komai tsaf, kwana 91. Gaskiyar Allah na ga ranakun da ban fita ba a ciki, na gani da idona, na yi shiru na saka su a ImmiAccount, shafin da ake neman bizar ta intanet. Wannan kam laifina ne kuma ba zan ɗora wa kowa ba. Amma abin da ban sani ba shi ne lambar ABN ɗin da ke jikin takardun, wato lambar rajistar kasuwanci, an soke ta tun kafin in taka Mildura, kuma da ma'aikatar da ke ba da biza ta tuntuɓi mai gonar cewa ya yi ba shi da sunana a ko'ina. Wato har kwanakin da na yi da gumina ma sun bi ruwa.

Wasiƙar farko ta neman bayani ce, sun ba ni lokaci in kare kaina. Na kira shi ya fi sau talatin, lambar a kashe. Na hau mota tun daga Melbon, tafiyar wajen awa shida, na je masaukin, matar da ke wurin ta ce ya daɗe da barin garin. Na tsaya a bakin titi da jakata ban san inda zan nufa ba. Ta biyun ta shigo a Janairun 2020 ina hutun cin abinci a wurin aiki, na buɗe na ga an hana, na gangara ƙasa na ga 4020, ban ma san mene ne ba sai da na bincika nan take a wurin da nake zaune. Takunkumin shekara uku. Abincin nan ban ƙarasa shi ba, na shiga banɗaki na kulle na yi kuka kamar yaro. Abin da ya fi min ciwo shi ne kiran Hajiya, don ita ta ara min kuɗin da na nuna a banki lokacin bizar farko, dala dubu biyar ɗin nan da suke so su gani, daga adashenta ta cire. Sati biyu ina ce mata komai lafiya.

To ka ga dalilin da na ce ka koma ka karanta takardarka tun daga sama har ƙasa, ba layin farko kawai ba. Hanin iri biyu ne kuma ba su haɗa hanya ba. In cewa kawai suka yi ba su gamsu ka yi aikin wata uku ba, to da sauranka, babu takunkumi a kanka, hujja ce ta yi kaɗan. In kuma ka ga sun ambaci 4020, wato takardar bogi ko bayanin ƙarya, to shekara uku ke nan ba za su ba ka yawancin bizoji ba, in matsalar ta shafi tabbatar da ko kai wane ne ma shekara goma ce. Kuma ba ruwansu da cewa ba kai ka buga takardar ba, tunda kai ka miƙa ta. Akwai hanyar yafewa amma sai in abin ya taɓa ɗan ƙasa ko mai zaman dindindin ko wata babbar maslahar ƙasar, irinmu masu tsinkar inabi da wuya mu shiga ciki. Daga yadda ka rubuta ina kyautata zaton kana cikin na farkon, kuma mai gyaran takardun nan so yake ya ɗauke ka daga na farko ya jefa ka na biyu, da kuɗinka.

Ba ka faɗa mana ko bizarka ta farko ta ƙare ba, kuma nan ne maganar take. In har yanzu tana da rai, tattara kayanka ka koma gona ka cike abin da ya rage a wurin da zai biya ka ta banki, ka duba lambar yankin tana cikin jerin da suka amince da shi kafin ka ɗaga kwali ko ɗaya, sannan ka sake nema. In kuma ta ƙare kana kan bizar jira, to sashe na 48 na dokar shige da fice ya hau kanka, ba za ka iya sake neman 417 daga cikin ƙasar ba sai ka fita, kuma kwanakin da ake ƙirgawa su ne waɗanda ka yi kana riƙe da ta farkon, don haka abin da ya rage maka shi ne ka tabbatar musu da waɗanda ka riga ka yi. Bizar jiran kuma kwana 35 take ƙarawa bayan hukunci in ba ka ɗaukaka ƙara ba. Kar ka wuce ko da kwana ɗaya, kar ka ƙara wa kanka wata matsalar a kan wadda kake ciki.

Maganar ɗaukaka ƙara, a lokacina AAT ce hukumar da ke sake duba hukuncin kuma kwana 21 suka ba ni, tun Oktoban 2024 ta koma ART, adadin kwanakinka yana rubuce a takardarka, kuma in ya wuce ya wuce, ba a roƙo ba a ƙari. Ni ban shigar ba, kuɗin ya fi ƙarfina a lokacin kuma na san akwai ranakun ƙarya a takarduna, da wane ido zan tsaya gabansu. Amma kai in ka san ka yi kwanakinka da gaske, ina ganin ya kamata ka yi tunaninta sosai, don wanda ya nema daga waje aka hana shi ba shi da wannan damar.

Shekarunka kuwa, ranar da ka tura fom ake dubawa ba ranar da suka amsa ba. A iya sanina masu fasfon Jamus 30 ce iyaka (ka tabbatar a shafinsu don ana canza ta), daga ranar da ka cika 31 ƙofar ta rufe, ba kamar Faransa da Italiya da Kanada da Ailan ba da suke kaiwa 35. Wata huɗu ba yawa gare shi ba wallahi. Kuma wanda ya ce maka ka koma 462, ɗaya bizar hutu da aikin, bai san abin da yake faɗa ba, Jamus ba ta cikinta, sannan duk wanda ya taɓa shiga da ɗaya ba a ba shi ta farkon ɗayar.

Tun da an zo nan bari in faɗa, don kullum sai an turo min saƙo daga gida. Fasfon Najeriya ko Nijar ko Gana ba ya cikin jerin 417 ba ya cikin na 462. Wani ɗan ƙanwar babana saura kaɗan ya sayar da babur ɗinsa ya ba wani ejan da ya yi masa alkawarin bizar hutu da aiki ta Ostireliya, Allah ya sa ya kira ni tukun. Ku daina ba su kuɗinku.

Hujjoji, tattara komai tun yau. Bayanan banki da ke nuna shigar kuɗi daga wanda ya ɗauke ka, abin da aka zuba maka a asusun fansho, bayanin harajinka da ke shafin gwamnati na myGov, rasit ɗin masauki, tikitin mota, hotunan da ka ɗauka a gona masu kwanan wata, saƙonnin WhatsApp da ake ce muku gobe ƙarfe biyar, har tarihin wuraren da ka je na Google Maps in ka bar shi a kunne. Ni da na yi hakan tun farko da ko banza na nuna kwana saba'in da wani abu na gaskiya. Sannan ka zauna da kalanda ka sake ƙirgawa, in cikakken sati ka yi kamar yadda ma'aikatan wurin ke yi to ranakun hutun ƙarshen mako suna shiga, amma in kwana biyu ko uku kawai ake kiranka a sati to waɗannan kaɗai gare ka, mutane da yawa a nan lissafinsu ke karyewa ba don sun yi ƙarya ba. In biyan ne aka tauye maka ka kai maganar Fair Work, hukumar kare haƙƙin ma'aikata, kyauta ne, kuma tun Afrilun 2022 ko da kwali ake biyanka a gonar 'ya'yan itace dole abin da ka samu ya kai mafi ƙarancin albashin awa. Mu a lokacinmu babu wannan, shi ya sa irin mutumin can suka sha jininmu son ransu. Wanda zai duba maka takarda kuma ya zama lauya ko ejan mai rajista da lambar MARN, wato lambar rajistar ejan biza, ka duba sunansa da kanka a rajistar, kar ka yarda da hoton kati.

Ni takunkumina ya ƙare a farkon 2023, lokacin na wuce 30. A Yulin shekarar aka ɗaga wa masu fasfon Ingila zuwa 35, a Yulin 2024 kuma aka cire mana sharaɗin gonar gaba ɗaya, biza uku ba tare da ka taɓa ko ganye ba. Ranar da na ga labarin na daɗe ina kallon wayar, abin da na zubar da mutuncina a kansa ga shi an ce ba a ma buƙatarsa. Shekaruna sun ba ni dama amma lokacin na yi aure Allah ya ba mu 'ya mace, ita kuma bizar ba a tafiya da yaro a kanta, sai na haƙura. Kuma abin bai bar ni ba har yanzu, da zan je Kanada bikin abokina fom ɗin ya tambaya ko wata ƙasa ta taɓa hana ni biza, na danna e hannuna na rawa, na rubuta musu abin da ya faru ba ƙari ba ragi, suka bar ni na shiga. Kai ma duk inda aka tambaye ka ka faɗa, ko Niyu Zilan ce ko Kanada, ita Kanada ma Jamusawa har 35 take karɓa a irin wannan bizar, ka sa wannan a ranka ko da nan ɗin ba ta yiwu ba.

Ka gaya wa mutanen gida da wuri, kar ka riƙe shi kai kaɗai kamar yadda na yi. Sannan ka dawo ka faɗa mana abu uku, ranar da imel ɗin ya shigo, ranar da bizar farko ta ƙare ko za ta ƙare, da ko akwai 4020 a ciki, ka rufe sunanka da lambobinka in za ka turo hoto. Ina tashi aiki ƙarfe shida agogon Landan, zan duba in sha Allah. Allah ya kawo maka mafita ƙanena.