Amsa: kwafin zanen zamani da ba ya koɗewa

Malama, kin tambaya me ya sa fostar zanen Kandinsky, mai zanen zamani ɗan Rasha, da kika rataya a falo ta koɗe, kuma wace iri za ki saya yanzu. Laifin tawada ne. Fosta mai araha yawanci da tawadar da ba ta jure haske ake buga ta, hasken rana yana cinye ta, ja da rawaya su fara gushewa, zanen ya koma shuɗi-shuɗi. Ki nemi bugun tawadar garin launi mai jure haske, wanda masu sayarwa ke kira giclée, a kan takardar auduga zalla marar asid, mai nauyin giram 250 zuwa 310 a kowace murabba'in mita.

Irin wannan zane ba ya ɓoye aibi, don haka ki duba da kyau kafin ki biya. A faffaɗan fili mai launi ɗaya, in kin ga siraran layuka a kwance, bakin injin bugawa ya toshe. In gefen baƙaƙen layuka, irin na zanen Mondrian ɗan Holan, ya yi hazo, hoton asalin bai kai ɗigo 300 a kowane inci ba.

Wurin firam ne aka fi yin ɓarna. Kada takardar ta taɓa gilashi, a sa kwali marar asid tsakaninsu ya zagaye gefen zanen, in ba haka ba danshi zai manne su. A kama ta a wuri biyu daga sama kawai, da siririyar takardar Japan da mannen sitacin alkama, domin takarda tana buɗewa da laima. In an manne ta ko'ina sai ta yi tudu. Salatif kam a guje shi, yana barin tabo ruwan ƙasa. Gilashin ya zama mai tare hasken UV, wato sashen hasken rana da ido ba ya gani mai koɗar da launi, bangon kuma wanda rana ba ta bugawa, nesa da kicin da banɗaki.