Ga wadda ta fara aiki a gidan Yahudawa: yadda shekararsu ke tafiya

Ƙanwata, na karanta tambayarki. Kin ce kin samu aikin kula da wata tsohuwa Bayahudiya a Landan, 'ya'yanta sun gaya miki bukukuwa na tafe har da azumi, ke kuma ba ki san gabas ba ki san yamma ba, kina gudun kada ki yi ɓaranɓarama. Shekara shida na yi ina irin wannan aiki a Stamford Hill, unguwar arewacin Landan da masu tsananin riƙon addini a cikinsu suka fi yawa, kuma tsohuwa ɗaya na riƙa tun daga farko har ta bar duniya. Bari in gaya miki abin da na so a ce wani ya gaya mini a makon farko.

Lissafinsu na wata ne kamar namu, kuma ranarsu daga faɗuwar rana take kamawa, kamar yadda daren Juma'a yake a wajenmu. Idan aka ce miki idi Talata ne, to tun almurun Litinin an shiga. Inda muka rabu da su shi ne su suna cusa wata na goma sha uku sau bakwai a cikin kowace shekara 19, don kada bukukuwan su bar lokacinsu na yanayi. Shi ya sa azuminmu ke zagaya shekara, nasu kuwa ya ja baya kaɗan sannan ya yi tsalle ya dawo. Idin Ƙetarewa, na tunawa da fitowarsu daga hannun Fir'auna, ya kama da yammacin 5 ga Afrilu a 2023, a 2024 sai 22 ga Afrilu saboda an ƙara wata, a 2025 kuma 12 ga Afrilu. Ki roƙi iyalin su ba ki kalandar bango irin tasu. Tana ɗauke da mintin da ake kunna kyandir na shigar idi da mintin da idi ke fita.

Abin da ya fi shafar aikinki shi ne sanin wace rana ce suke kira yontif, wato ranar babban idi da ba a aiki. Ranakun nan dokarsu kusan ɗaya ce da ta Asabar, ranar hutunsu ta mako: ba kunna wuta ko kashe ta, ba taɓa waya, ba shiga mota, ba kuɗi, ba rubutu. A wajen Isra'ila guda 13 ne a shekara, kuma bakwai daga ciki sun taru a wata ɗaya, watan Tishri, wanda ke faɗowa tsakanin Satumba da Oktoba. Idan idi na kwana biyu ya manne da Asabar, kamar yadda aka yi a Oktoban 2024, kwana uku cur gidan zai yi a haka. Fitilar banɗaki da kika tarar a kunne, ki bar ta. Ni na taɓa kashewa da hannun sabo, tsohuwa ta kwana tana lalube, kuma ba ta ce mini in kunna ba, don ko umartar wani da kunnawa suna kaffa-kaffa da shi.

Tishri yana buɗewa da Rosh Hashana, sabuwar shekara, kwana biyu. Shekararsu ta 5786 ta kama ne da yammacin 22 ga Satumba 2025. Ana busa ƙahon rago a majami'a, wadda su ke ce wa shul, ana tsoma tuffa a zuma don fatan shekara mai daɗi. Da ƙafa ta gagari tsohuwata, wani saurayi ne yake zuwa har falo ya busa mata. Sautin ba shi da daɗin kiɗa, kamar kukan mai neman agaji yake, kuma duk shekara sai na ga ta runtse ido tana motsa leɓe. Kashegarin idin akwai ɗan azumi na tunawa da kisan Gedaliya, gwamnan da Babila ta naɗa a ƙasar Yahuza.

Ran goma ga watan ita ce Yom Kifur, Ranar Kafara, kuma a nan nake so ki buɗe kunne. Azumi ne na kusan awa 25, daga kafin faɗuwar rana har taurari su fito kashegari, ba ci ba sha, ba wanka, ba shafa mai, ba takalmin fata. Za ki ga dattawa masu gemu sanye da farare suna tafiya da takalmin roba, unguwa ta yi tsit. Kafin ranar kuma suna bin juna suna neman gafara, domin a koyarwarsu haƙƙin mutum ba ya faɗuwa sai mai shi ya yafe. Da tsohuwa ta kama hannuna ta ce in yafe mata tsawar da ta yi mini a kan magani, jikina ya yi sanyi, don abin da muke yi ke nan gab da Ramadan. Goma ga watan farkon shekara kuma ta tuna mini Ashura, da hadisin da ke cikin Bukhari da Muslim cewa Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumtar ranar.

To amma ke mai jinya ce, kuma tsofaffin nan suna da taurin kai a kan wannan azumi. Wadda ta shekara tamanin tana yinsa ba za ki raba ta da shi da baki ba. Kada ki ɗura mata abinci a ɓoye, kada kuma ki zuba ido ta galabaita. Tun saura mako biyu ki sa 'ya'yanta su yi magana da likita da kuma malaminsu, rabai. Addininsu da kansa ya ce ceton rai yana gaba da azumi da Asabar. A shekarunta na ƙarshe, malamin ya ce ta riƙa shan ruwa a wani ɗan mitsitsin kofi duk bayan minti tara. Na zauna gefen gadonta da agogo a cinya tun safe har dare. Duk kurɓar da za ta yi sai ta yi hawaye, amma tana sha, saboda malami ne ya faɗa. Ki kuma lura da kyandirori a cikin gilashi da ke ci dare da rana. Na tunawa da mamata ne, kada ki hure.

Kwana biyar bayan nan sai Sukkot, Idin Bukkoki. Tun daren da aka sha ruwa za ki fara jin bugun guduma a bayan gidaje. Kowa na kafa bukka mai rufin ganye ko gora, a ci abinci a ciki kwana bakwai, don tuna shekara arba'in da kakanninsu suka yi a hamada tare da Annabi Musa. A sanyin Oktoban Landan, ga yayyafi, haka ake zama da manyan riguna ana shan miya. Akwai wani lemo mai ƙamshi da suke ajiyewa a akwati, etrog, wanda ake riƙewa da reshen dabino wajen addu'a. Yana da tsada, kuma idan ɗan tsinin kansa ya karye ya tashi aiki, don haka kada ki taɓa shi ko da goge tebur kike. Ana rufe bukukuwan watan da Simhat Tora, ranar da ake sauke karatun Attaura na shekara a kuma fara sabo, maza na rawa rungume da naɗaɗɗun littattafan.

Daga nan za ki samu sarari. Hanuka a wajajen Disamba kwana takwas ce, ana ƙara fitila ɗaya kowane dare, ana cin soye-soye, ana tuna ƙwato Haikalin Ƙudus, babban ɗakin ibadarsu, da wasu mayaƙansu da ake kira Makabiyawa suka yi a 164 kafin haihuwar Annabi Isa. Ba a hana aiki a cikinta. Furim ma haka, a ƙarshen hunturu, bayan azumin Esta, sarauniyar da ta ceci Yahudawan Farisa: yara su yi shigar burtu, motoci na kiɗa a titi, ana aika wa maƙwabta kwandon kayan ƙwalam, ana ba matalauta sadaka. Sai ki rantse hawan sallah ne.

Wahalar aikin tana cikin Fesah, Idin Ƙetarewa, tunawa da fitowa daga hannun Fir'auna. Kwana takwas ba a ci, ba a ma ajiye, duk wani abu na alkama, sha'ir da danginsu da ya kumbura. Hames suke ce masa. Maimakon burodi sai matsa, wata busasshiyar waina marar yisti. Tun wata guda kafin idin ake sharar gida: aljihun riguna, ƙarƙashin kujeru, tsakanin shafukan littattafai. Ana lulluɓe kantar kicin, a kulle tukwanen kullum a fito da wasu. Abin da ya rage a kabad malaminsu ne ke sayar wa wanda ba Bayahude ba har idi ya wuce, ɗan guntun da ya saura kuma a ƙone shi da safe a waje. Yahudawan da asalinsu Turai ta gabas ne, irin na unguwarmu, har shinkafa, wake, masara da gero suke bari. A shekarata ta farko na shigo da burodi a jaka don karin kumallo, na ajiye a kan teburin kicin da aka gama lulluɓewa. 'Yar tsohuwar ba ta yi mini faɗa ba, amma na ga fuskarta, na kuma ga an sake aikin kwana biyu. Tun daga ranar nake tambaya kafin in shigo da ko da alewa.

A 2023 Fesah ya faɗo a tsakiyar Ramadan. Daren farko an zauna cin abincin da suke kira seder, ƙaramin jika ya miƙe yana rera tambayoyi huɗu, ana cin ganye mai ɗaci don tuna bauta. Da magariba ta yi tun kafin a fara, tsohuwa ce ta sa aka kawo mini dabino da ruwa, ta ce a ba ni wuri in yi salla. Ba wanda ya taɓa ce mini in sa baki a addu'arsu, ba kuma wanda ya miƙo mini giyarsu.

Daga dare na biyu na Fesah ake ƙirga kwana 49 zuwa Shabu'ot, tunawa da saukar Attaura a Dutsen Sinai. Kwana biyu ne na yontif, da abincin madara da cuku, maza su kwana karatu.

Azumominsu shida ne a shekara. Huɗu daga alfijir ne zuwa dare, kuma an fi sassauta wa marar lafiya a cikinsu: na Gedaliya, na goma ga watan Tebet, na Esta, da na 17 ga watan Tammuz. Wannan na ƙarshen shi ke buɗe mako uku na makoki, ba ɗaurin aure, ba kiɗa, ba aski, a kwana taran ƙarshe kuma ba nama sai ran Asabar, don haka ki shirya canza girki. Makokin na ƙarewa da tara ga watan Ab, azumi na biyu mai awa 25, na rushe Haikali sau biyu, wanda Babila ta yi a 586 kafin haihuwar Annabi Isa da wanda Rum ta yi a shekara ta 70 bayan haihuwarsa. Yana faɗowa a Yuli ko Agusta, lokacin da rana ba ta faɗuwa a Landan sai wajen tara na dare, don haka maganar likita da malami ta shafe shi shi ma. Ranar ba a gaisuwa, kada ki ga an share ki ki ɗauka fushi ne. Ana zama a ƙasa har tsakar rana. Tsohuwata ba ta iya durƙusawa, sai na riƙa cire matashin kujerarta don ta ɗan yi ƙasa, ita kuma ta shiga jero sunayen 'yan'uwanta da suka halaka a Turai lokacin yaƙin Hitila, ɗaya bayan ɗaya.

Gaisuwar idi a unguwar "gut yontif" ce, ta Asabar kuma "gut shabes". Sannan ki karɓi lambar likita da ta motar asibiti ki rubuta a takarda tun kafin a kunna kyandir, domin da zarar an kunna, wayoyin 'ya'yanta a kashe suke.