Maigida, me zai hana mu toshe tagar?

Ka tambaye ni, tunda gidan nan da muke ginawa a bakin titi yake, ga hayaƙin tireloli da na Keke Napep, ga ƙurar hunturu, me zai hana mu bi maganar mai gidan, mu toshe tagar baya mu rage ta gaba. Ka ce in iskar waje ce ke cutarwa ai rufewa ce kariya, kuma ba ka ga ruwan hukuma da tagar ɗakin mutum ba.

To yarona, rabin maganarka gaskiya ce. Wanda ya taɓa tsayawa a Kwangila ko PZ a nan Zariya da yamma ya san abin da ake shaƙa. Ƙurar da ke sauko mana daga Nuwamba zuwa Maris kuwa, akasarinta daga wani busasshen kwari take tasowa a ƙasar Cadi, ana ce masa Bodele, ba wanda ya isa ya tare ta. Amma iskar da ta fi yi wa mutane illa a gida, a cikin gidan ake yin ta: hayaƙin itace, garwashin gawayi, risho, maganin sauro na kunnawa, injin janareta, da numfashin mutum takwas a ɗaki ɗaya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa gurɓatacciyar iskar cikin gida na kashe kusan mutum miliyan 3 a shekara. In ka toshe taga ka rage ƙura kaɗan, ka kuma kulle mutane da abin da ya fi ƙura sharri.

Mafi muni ita ce iskar da likitoci ke kira kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Gawayi na fitar da ita, inji ma haka. Da sanyi uwar gida za ta shigar da kaskon wuta ɗaka, ta rufe ƙofa, ta cusa tsumma a ƙarƙashinta. Ciwon kai ne farko, sai jiri, sai barci mai nauyi, wani ba ya farkawa. Sai gari ya waye a yi ta zargin abincin dare ko a ce iskokai ne. Ga kuma tarin fuka da sanƙarau, duk sun fi yaɗuwa inda aka cunkushe iska ba ta wucewa. Mu da muka ga annobar sanƙarau ta 1996, wadda ta kashe fiye da mutum 11,000 a ƙasar nan, ba ma wasa da wannan zance.

Nan ruwan hukuma ya shigo. Mai gida shi ya biya kuɗin bulo, amma sau da yawa ba shi zai kwana a ɗakin ba. Ɗan haya ne, ko ɗalibi a Samaru, ko jaririn da ba a haifa ba tukuna, kuma ba wanda ya shawarce su ranar da ake aza lintal. Shi ya sa a jihar Kaduna ba a fara gini a birni sai KASUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, ta duba zane ta sa hannu, kuma tun 2006 Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini na ƙasa. Abin da suke dubawa a wannan fanni ba shi da yawa: tazara tsakanin bango da katanga, yawan filin da gini zai cinye, tsawon ɗaki daga daɓe zuwa silin, da girman tagogi. Jan fentin da kake gani a bangon wasu gine-gine, yawanci ko dai ba izini, ko an kauce wa zanen da aka amince da shi.

Ɗauko awonka mu yi lissafi. Abin da aka saba aiki da shi shi ne faɗin taga kada ya gaza kashi ɗaya cikin goma na faɗin daɓen ɗaki. Ɗaki mai ƙafa 12 sau 12 ya ba ka 144, kashi ɗaya cikin goma ya kama 14 da ɗoriya. Taga mai ƙafa 4 sau 4 ta ba ka 16, a takarda ta wuce. Sai dai in tagar alminiyon ce mai zugewa, irin da kowa ke yayi yanzu, rabinta kaɗai ke buɗewa, ka koma 8. Ƙara ƙarfen tare ɓarayi, ƙara ragar sauro da ƙura ta toshe, ƙara labule mai kauri. Me ya rage? Ni dai har gobe na fi son taga mai buɗewa waje gaba ɗaya, ko ta gilasai masu ɗagawa, duk da masu gida na cewa tsohon yayi ce.

Girman ma ba shi ne kan magana ba. Ɗaki mai taga ɗaya kamar tulu yake, baki ɗaya gare shi, abin da ya shiga nan zai zauna. Iska sai ta ga mafita take shiga. Saboda haka kowane ɗakin kwana ka nema masa tagogi biyu a bango daban-daban, masu kallon juna in ya yiwu. Tagar bayan da mai gidan ke so a toshe ita ce ma ta fi amfani, don ita ke kallon inda babu titi. Iska mai zafi kuma sama take tashi, shi ya sa nake sa ka bar bulo mai huda biyu ko uku dab da silin, a lulluɓe da raga.

Ka kuma san daga ina iska ke zuwa garin nan. Da damina daga kudu maso yamma take, mai sanyi, ita muke so. Da hunturu daga arewa maso gabas, ita ce mai ƙura. Manyan tagogi su kalli kudu in fili ya yarda, da baki mai tsawo a rufi saboda feshin ruwa. Na arewa da gabas su zama ƙanana, masu rufewa ruf.

Magabata sun san wannan ba tare da takarda ba. Wanda ya taɓa shiga tsohon Masallacin Juma'a na cikin birni, aikin Babban Gwani Muhammadu Durugu tun wajen shekarun 1830, kafin wani sashensa ya rufta a 2023, ya san tsawon bakan gizon da ke riƙe da rufinsa. Gidajen cikin ganuwa tagoginsu ƙanana ne, kuma a can sama, amma bangon ƙasa mai kauri ba ya ɗaukar zafi da sauri, girki a tsakar gida ake yi, kuma yini ake a waje. Ban ce duk nasu daidai ne ba, na sha rushe tsoffin ɗakuna na tarar azara ta yi baƙi ƙirin da hayaƙi. Amma mu mun ɗauki ƙaramar tagarsu, mun haɗa da bulon siminti da kwano, sannan mun cike tsakar gidan da ɗakunan haya har ba inda za a shanya kaya. A Tudun Wada da Sabon Gari za ka ga taga na kallon bangon maƙwabci, tsakaninsu da kyar kyanwa za ta wuce, kuma a wannan lungun ake ajiye inji.

Injin nan ka ware masa wuri tun daga harsashi. A waje, nesa da kowace taga, masana na cewa kamar mita 6, bakin salansa na kallon inda ba kowa. Kada ka yarda a sa ka gina masa ɗaki a ƙarƙashin matakala ko a baranda. Kicin ya samu tagarsa da hudar sama, in kuma da gas za a yi girki a bar wata hudar a ƙasa, don gas ɗin ya fi iska nauyi, in ya zubo ƙasa yake kwanciya. Bututun shaƙar sokawe ya wuce saman rufi. Wanda ya ce maka zai sa na'urar sanyaya ɗaki saboda haka ba ya buƙatar taga, ka gaya masa irin da ake maƙalawa a bango iskar ɗakin kawai take juyawa, ba ta shigo da sabuwa, balle ranar da aka ɗauke wuta.

Game da mai gidan, kada ka yi musu da shi, wannan aikina ne. Tsoronsa ɓarayi da ƙura, kuma duk suna da magani. Tagar gaba za mu ɗaga ta sama da kafaɗa ba tare da rage faɗinta ba, in mai zane ya amince, a sa ƙarfe mai kauri da raga mai cirewa a wanke, a dasa darbejiya biyu tsakanin katanga da titi. Ta baya tana nan yadda zane ya nuna. Gobe in Allah ya kai mu ka zo da wuri, za mu ɗaure rodin lintal ɗinta kafin kafinta ya iso.