Fuskar jaruma a kan banar mai atamfa

Jiya muna rufe shago ka tambaye ni batun Alhajin nan mai atamfa na Kasuwar Barci, wanda yake so ka sa AI, na'urar nan mai ƙirƙiro hoto da kanta, ta ɗora fuskar wata jarumar Kannywood sanye da kayansa a kan bana. Ka ce ai ba hotonta na gaske ba ne, to ina laifin?

Ɗana, wanda ya wuce ta gaban shagon Alhaji ba zai tsaya tambayar yadda aka yi hoton ba. Abin da zai ɗauka shi ne ta karɓi kuɗin talla ta yarda da kayan, alhali ko sisi ba ta gani ba, ba ma ta san da zancen ba. Fuskarta ce jarinta, da ita take ci. A Amurka ma wannan na cikin abin da ya sa 'yan wasan Hollywood suka shiga yajin aiki a 2023, watanni suna zaune, don kada a riƙa sarrafa kamanninsu ba da izini ba. Kuma ranar da lauyanta ya zo Tudun Wada, sunan shagonmu zai karanta a ƙasan banar.

Kada ka ɗauka ina gaba da na'urar. Lokacin da na fara wannan sana'a da buroshi da fenti muke rubuta allo, da CorelDRAW, manhajar zane a kwamfuta, ya shigo wasu sun ce sana'a ta mutu, ga mu nan har yau. Ka goge bayan hoto da ita, ka gyara haske, ka nemi fasalin launi. Sai dai ka zuba mata ido. Ka ce ta zana Bahaushe, ta kawo maka rawanin Indiya, ko hular da ba zanna ba, ba ƙube ba. Rubutu kuwa kada ka bar mata ko kalma guda, ƙ da ɗ da ɓ rikita ta suke yi.

Zanen wani mai zane ma haka: kada ka loda mata aikinsa ka ce ta yi maka irinsa, ka karɓi kuɗi.

Gobe ka kira Alhaji. Ko ya nemi jarumar su yi ciniki a rubuce, ko mu ɗauki hoton atamfar a jikin 'yar tsanar shagonsa. In kuwa fuskar da babu mai ita yake so, mu yi masa, amma ka faɗa masa na'ura ce ta yi kafin ya biya.