Yaya, ga amsar tambayar Inna

Yaya, na ji saƙonki, har na jiyo muryar Inna a bayanki tana cewa a tambaye ni ko gwamnatin Faransa ce ta tsayar da ni a kan 'ya'ya uku. Ki gaya mata wallahi babu wanda ya ƙayyade mana. Shekarata 16 a Liyon, ban taɓa ganin ma'aikacin da ya zo ƙirga yara ba. Ƙasar Sin ce ta yi dokar ɗa ɗaya daga 1980 zuwa 2015, ga ta yanzu tana lallashin mutanenta su haifi uku. Nan ma haihuwar suke nema ruwa a jallo. Daga yaro na biyu ake fara ba iyaye kuɗin tallafi duk wata, hutun haihuwa sati 16 ne, in na uku ne sati 26.

Abin da ke tsayar da mu rashin hannu ne. Ke da kika haihu a Bagalam, Inna ta yi miki wankan jego kwana arba'in da ganyen dogon yaro, ana dama miki kunun kanwa, jaririn yana yawo daga bayan wannan zuwa bayan waccan. Ni kwanana uku a asibiti aka sallame ni. Maigidan ya koma aiki, na rage ni kaɗai a bene na huɗu, ga jaririya a ƙirji, ga biyu da zan kai lakwal da safe cikin sanyin da ke fasa leɓe. Rannan na zauna a kan matakala na yi kuka har na gode Allah. Matan Nijar da ke nan, Hausawa da Zabarmawa, muna karɓa-karɓa mu dafa wa mai jego abinci, amma kowa da aikinta, sati ɗaya ake yi a watse. Suna kuwa, ranar bakwai a raɗa a ɗaki, mu aiko kuɗi ku yanka ragon a Maraɗi, taro sai Asabar. Kishiya ma doka ba ta yarda a shigo da ita ba.

Gardamar da kuke yi muna yin ta nan, har da zafi. A 2017 da Makron, shugaban Faransa, ya tsaya a Hambug ta Jamus yana zancen matan Afirka masu haihuwa bakwai zuwa takwas, raina ya ɓaci ƙwarai, don Inna yake nufi, ita da ta haifi tara ta raine mu da sana'ar ƙuli-ƙuli. Wasu mazanmu har yau cewa suke tsarin iyali makircin Turawa ne. Wasu kuma su kawo lissafi: Nijar ba ta kai miliyan 4 ba a 1960, ƙidayar 2012 ta samu sama da miliyan 17, faɗin ƙasar kuwa bai ƙaru ba. Ke ma kin ga yadda gonar Baba ta Tibiri ta koma bayan rabon gado.

Ni ban yarda wani baƙo ya yanka wa mace adadi ba, arzikin yaro na Allah ne. Amma tazara ba Bature ya kawo mana ita ba. Alƙur'ani ya ambaci shayarwa shekara biyu cikakku, kuma a zamanin kakanninmu mace takan tafi goyo gidansu ta daɗe, kwanika abin kunya ce. Mu muka saki wannan.

Shi ya sa hankalina yake kan 'yarki. Haihuwa uku cikin shekara huɗu, kuma kin ce jini ya yi mata ƙaranci a ta ƙarshe. Don Allah ki samu mijinta a keɓe, ba a gaban mutane ba, ki roƙe shi su je likita tare ya ji bayanin ungozoma da kunnensa. In kuɗin mota ne ko na magani, zan aiko ƙarshen wata. Ki gaida Inna, ki ce jikokinta suna tambayar yaushe za ta aiko musu da kilishi.